Rubuta Wasiyya Ba Kiran Mutuwa Ba Ne

 

Da yawanmu muna ɗaukar rubuta wasiyya tamkar kiran mutuwa, alhali ajali ba ya jiran takarda. Mutum yana Kaduna ko Legas, gonarsa tana hannun ƙaninsa a gida, ba shaida, ba rubutu. Ranar da ya kwanta dama, aro ya koma mallaka, marayu su ƙare a gaban alƙali, zumunci ya watse.

Shari'a ta tsara komai: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, sannan a raba gado yadda Suratun Nisa'i ta fayyace. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Mai neman sadaka mai gudana ya yi waƙafi tun yana raye, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara.

Saboda haka, kowa ya rubuta abin da ya mallaka, da bashin da ake binsa, da wanda yake bi, shaidu biyu adilai su sa hannu, iyali su san inda takardar take.

Allah ya sa mu cika da imani.