Baba, Shuni da Kamfanonin Ƙetare



Duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ya san aikin baba da toka. To, a 1880 wani shehun malami Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya sayar wa kamfanin BASF dabarar haɗa shuni ba da ganye ba. Shekara 17 kamfanin yana kashe kuɗi kan bincike, sai a 1897 ya kai shunin kasuwa, noman baba a Indiya ya durƙushe. Da dagwalon masana'antun rini ya dami koguna, sai ga kamfanin Levi Strauss a 2022 yana zuba jari a noman baba a Amurka. Tambayata ga jami'o'inmu ita ce, wa zai zauna da marinan Kano ya rubuta saninsu, kafin a sayar mana da shi cikin kwalba?