Sabon Dillalin Filaye da Zaɓen Ubangida

Wanda ya shiga dillancin filaye a Boɗinga ko Shagari, takarda kaɗai ba ta isar sa, sai ya raɓi ubangida. To, kada yawan la'adar da za a yaga masa ya ruɗe shi. Abin tambaya shi ne, shin ubangidan ya san asalin gonakin da yake sayarwa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙon filin karkara, amma hakimai da dattawa su suka san gonar gadon da ba a raba ba. In ubangida bai tuntuɓe su ba, ran da magada suka taso, yaron za a fara kaiwa gaban alƙali, domin shi aka gani yana nuna iyaka.