In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Ƙarar Bayan Mota Da Abin Da Take Nufi



Wataƙila wani zai ce, ina ruwan ɗan jami'a da zancen gareji, alhali ko keke bai mallaka ba? Amsa ita ce, ko da ba mu da mota, ba mu rabu da shiga ta wani ba. Duk ƙarshen zango mukan cika tasha, kuma galibi mu ake cusawa a kujerar baya, bisa tayoyin da direba ya fi kowa nisa da su. Saboda haka idan wani abu ya fara lalacewa a can, kunnenmu zai riga nasa ji. Mota kuwa ba ta cika yin ɓarna ba tare da ta yi gargaɗi ba. Sai dai a ƙi saurara.

Kafin mu tuhumi kowane ƙarfe, wajibi ne mu san irin motar da muke ciki, gama ba duka aka ƙera su daidai ba. Akwai wadda injinta ke tura tayoyin baya, kamar Peugeot 504 da aka yi shekaru ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, ko bas ɗin Toyota Hiace. Irin wannan tana da farfela, watau dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya, tana kuma da akwatin haƙora tsakanin tayoyin baya, wanda ke raba musu ƙarfin, ya bar ɗaya ta fi ɗaya gudu a kan kwana. Akwai kuma wadda tayoyin gaba ke janta, kamar yawancin Golf da Corolla na zamanin nan. Wannan ba ta da farfela ko akwatin haƙora a baya. In makaniki ya ce farfelarta ce ke kuka, to, sai mu tsare aljihunmu.

Mataki na farko ba ya bukatar sifana. Mu buɗe but mu fitar da kaya duka, mu duba ko safaya ta kwance, ko jak yana yawo, ko lambar mota ce ke karkarwa. Sau da yawa a nan shari'a ke ƙarewa. In ƙarar ta ci gaba, sai mu yi mata tambayoyi huɗu, kamar yadda likita ke yi wa majiyyaci. Shin tana bin gudun mota ne, ko gudun inji? Tana sakewa idan an sha kwana? Tana zuwa ne idan an taka birki? Ko kuwa sai an shiga gargada?

Tambayar farko ita ce uwar sauran. A tsayar da mota, a sa giya a firi, a taka totur. Idan ƙarar ta taso alhali tayoyi ba sa juyawa, to, sun kuɓuta daga zargi, sai a nufi bututun hayaƙi da salansa. Robar da ke rataye da shi takan tsinke ya riƙa bugun jikin mota, ko kuwa tsatsa ta huda shi ya riƙa huci. Kada mu raina wannan. A cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa ya fi kama ta a kan iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200. Idan ta sulalo cikin mota ta wata kafa, na baya sukan fara da ciwon kai da jiri da barci, a ɗauka gajiyar hanya ce.

Idan kuwa ƙarar sai mota na tafiya take zuwa, kuma tana ƙaruwa da gudu, to, abin da ke juyawa ne. Mu yi ɗan lissafi. Kewayen tayar ƙaramar mota wajen mita 2 ne, watau takan juya kusan sau 500 a kilomita guda. In ana gudun kilomita 100 a awa, juyi kusan 14 ke nan a kowace daƙiƙa, duk a kan boris ɗin da bai wuce tafin hannu ba. Idan giris ɗinsa ya ƙone, ko ruwa da yashi suka shiga, sai ya fara gurnani kamar jirgin sama daga nesa. Ga yadda ake kama shi: a kan hanya miƙaƙƙiya wadda ba kowa, cikin matsakaicin gudu, direba ya ɗan karkata hagu, sa'an nan dama. Karkata hagu takan jefa nauyi a kan tayoyin dama, don haka in gurnanin ya ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne mai laifi. Bayan haka a ɗaga motar a juya tayar da hannu a saurara, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, magana ta fito. Boris da aka bari ya ci kansa yana iya ƙamewa, ko ya saki taya ana cikin gudu.

Sai dai taya ma kan kwaikwayi kukan boris, musamman wadda ta cinye tudu da kwari. Bambancinsu shi ne, kukan taya yakan sake idan an tashi daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, na boris kuwa ba ruwansa da irin hanya. In an mai da tayar baya gaba, kukan ya bi ta, an gane mai shi. Ƙarar "fat-fat-fat" kuma alama ce ta ƙulli, ko fatar taya ta fara rabuwa da wayarta, irin tayar da ke fashewa a kwalta mai zafi a watan Afrilu. Mu koyi karanta shekarunta: a gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ƙwas-ƙwas kuma tare da rawar mota na iya zama notin taya ne suka kwance. Wannan ba a kai shi gari na gaba, nan take ake tsayawa.

A motar da ake turawa ta baya, akwatin haƙoran nan yana da nasa kuka, siriri kamar fito, wanda ke sakewa gwargwadon ƙafar direba: ya taka totur ya taso, ya ɗaga ya lafa, ko akasin haka. Sau da yawa man giyar da ke ciki ne ya tsiyaye, kuma za a ga danshinsa a jiki. Ƙarar "ƙwal" guda ɗaya lokacin tashi ko canza giya tana nuna gaɓar farfela ta sassauta.

Tambaya ta uku ta shafi birki. Idan ƙarar ba ta zuwa sai an taka shi, kuma tana kama da gugar ƙarfe da ƙarfe, to, abin da ke kama tayar ya cinye ƙarƙaf. Birkin hannu ma yakan maƙale ya riƙa gogawa. Bayan 'yar tafiya a kusantar da hannu ga wilin baya, ba tare da an taɓa ba, za a ji ɗaya ya fi ɗaya zafi.

Ta huɗu ita ce ta gargada. Bugu mai nauyi daga ƙasa duk lokacin da aka faɗa rami yana nuna shakazoba ta mutu, ko robar bushin ta cinye, ko sifirin ya karye. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Mai lafiya takan taso ta tsaya, mara lafiya ta yi ta lilo. Babban makashinsu lodi ne, irin wanda muke gani a tasha, buhu kan buhu har but ya ƙi rufuwa. Kuma ko mene ne dalili, kada wanda ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

'Yan'uwa, amfanin wannan sani biyu ne. Na ɗaya, wanda ya je gareji ya ce "tana ƙara a baya" ya ba da ƙofar a yi ta canza masa kaya ana laluben sa'a. Wanda kuwa ya ce "tana gurnani daga gudun kilomita 60, yana ƙaruwa in na karkata hagu, ba ya sakewa in na taka birki" ya yi wa makaniki rabin aiki, ya kuma nuna ba a yi masa rufa-ido. Na biyu ya fi girma. Da yawanmu mukan ji ƙara a motar haya mu yi shiru, don kunya, ko don kada a ce ɗan boko ya cika iyayi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya tun 1988, amma jami'inta na bakin titi ba zai ji abin da na kujerar baya ke ji ba. Mu yi magana cikin ladabi, mu ce, "Malam direba, don Allah a ɗan tsaya a duba tayar baya ta dama." In ya ƙi, kuma ƙarar irin ta noti ce ko ta ƙullin taya, gara mu sauka mu yi asarar kuɗin mota. Iyayenmu da suka sayar da amfanin gona suka turo mu nan, jiran dawowarmu suke yi, ba jiran labarinmu ba.

Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.