Mutanen Guyana da Ƙauyukan da Suka Saya da Guminsu



An nemi in ce wani abu game da al'adu da tarihin wata al'umma, ni kuwa na zaɓi mutanen Guyana. Ba Ghana na ce ba, ba kuma Gini ba. Guyana tana Kudancin Amurka, tana iyaka da Birazil da Benezuwela da Suriname, kuma ita kaɗai ce a wannan nahiya da Ingilishi yake harshen hukumarta. Waɗanda suka karanta littafin "To Sir, With Love" a cikinmu, to, marubucinsa E. R. Braithwaite ɗan can ne. Haka ma Walter Rodney, masanin tarihin nan da aka kashe a birnin Georgetown a 1980.

Turawan Holan ne suka fara jigilar bayi daga Afirka zuwa can don aikin gonakin rake da sauransu. Ran 23 ga Fabrairu, 1763, bayin yankin Berbice suka yi bore a ƙarƙashin wani mai suna Kofi, suka riƙe yankin wata da watanni kafin a murƙushe su. Saboda haka bayan Guyana ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1966, sai ta zaɓi wannan rana ta zama jamhuriya a 1970. Bikin ranar suna ce da shi Mashramani, kalma ce da aka ce ta mutanen ƙasar na asali ce, ma'anarta shagalin da ake yi bayan an gama aikin gayya.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo bayan 1838, shekarar da bauta ta ƙare. Gwamnatin Ingila ta biya iyayen giji diyya, bayi kuwa ko anini ba a ba su ba. To, me suka yi? A 1839 mutum 83 suka haɗa ɗan abin da suka tara daga ƙwadago da sayar da amfanin 'yan gonakinsu, suka sayi wani gandu sukutum mai suna Northbrook, suka mai da shi ƙauye, suka sa masa suna Victoria. A 1840 wasu suka sayi nasu, ya zama Buxton. Ku tuna fa, yawancin gaɓar ƙasar tana ƙasa da teku in ruwa ya cika, don haka wanda ya sayi fili ya sayi wahalar gyaran magudanu da madatsai. Da ma masu gandu ba sa son ganin ƙauyukan sun tsaya da ƙafarsu, sun fi son a dawo musu aikin rake. Duk da haka ƙauyukan suna nan har yau. Adashe ma yana nan, suna kiransa "box hand".

Masu gandu kuwa sai suka juya Indiya neman 'yan ƙwadago, jiragen farko suka iso a watan Mayun 1838. Jikokinsu su ne al'umma mafi yawa a ƙasar yanzu. Zama tsakanin ɓangarorin biyu bai rasa tsami ba, don an zub da jini a rikicin 1964, kuma man fetur da aka gano a 2015 ya ƙara wa siyasarsu zafi. Amma Idi biyu daga cikin bukukuwan Musulmi, wato Babbar Salla da Mauludi, ranakun hutu ne na ƙasa baki ɗaya, kamar Kirsimeti da Diwali.

Ga wani abu da zai yi wa malamanmu Fulani daɗi. Musulmin farko da suka taka ƙasar bayi ne daga Afirka ta Yamma, cikinsu har da Fulani. Bauta ta shafe addininsu, amma sunan bai ɓace ba. Har gobe a bakin talakan Guyana, Musulmi "Fulaman" ne, ko da kakansa daga Indiya ya zo.