Ciwon Dajin Mafitsara: Mazaunin Ƙari da Ƙwayoyin Halittarsa Su Ke Zaɓar Magani



Marasa lafiya biyu kan zo asibiti da fitsarin jini, a tabbatar dukansu ciwon dajin mafitsara ne. Ɗaya a kankare masa ƙarin ya koma gida, ɗayan sai an cire masa mafitsarar ɗungurungum. Abubuwa uku ne suka raba su: zurfin ƙarin, mazauninsa, da sauyin da ya auku a ƙwayoyin halittarsa.

A Turai da Amurka, kusan kashi 75 cikin ɗari ana gano su tun ƙarin bai kai tsokar mafitsara ba. Irin wannan ana kankare shi ta hanyar fitsari, idan ya cancanta a riƙa zuba BCG a cikin mafitsarar. BCG rigakafin tarin fuka ne, wanda likita Alvaro Morales ya nuna amfaninsa ga wannan ciwo a Kanada a 1976. Da zarar ƙari ya kutsa tsoka kuwa, magana ta koma ga babbar tiyata da maganin cisplatin.

Mazauni ma da nauyinsa. A ƙasan mafitsara akwai wani fili mai kusurwa uku, inda bututun ƙoda biyu ke shigowa, mafitar fitsari ke fita. Ƙarin da ya tsiro a nan yana iya toshe bututu, ƙoda ta kumbura ta raunana, ga shi cisplatin ba ya yiwuwa sai da lafiyayyar ƙoda. Idan ƙari ya kama wuyan mafitsara, musamman ga mace, likita yakan fasa ɗinka sabuwar mafitsara da hanji, gudun kada ciwon ya dawo ta mafitar fitsari. Wanda ya tsiro a ƙoƙon sama shi kaɗai, wani lokaci a yanke wannan ɓangaren, a bar wa mutum sauran.

Sai ƙwayoyin halitta. Ƙarin da bai kai tsoka ba yawanci yana ɗauke da sauyi a ƙwayar halitta mai suna FGFR3: yana yawan dawowa, amma bai cika yin kisa ba. Mai kutsawa kuwa an fi samunsa da lalacewar TP53 da RB1, masu tsawata wa ƙwaya kada ta hayayyafa barkatai. Wannan ilimi ya riga ya zama magani, domin a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da erdafitinib ga masu sauyin FGFR da ciwonsu ya yi nisa.

Jama'a, ga inda abin ya shafe mu. Tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, tana nan a tafkunanmu da wuraren noman rani. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, har su jawo wani nau'in daji dabam, mai kama da na fata. Shi wannan yakan riga ya shiga tsoka kafin a gano shi, kuma bai cika jin cisplatin ba. Manyan binciken ƙwayoyin halittar wannan ciwo kuwa, akasarinsu a kan Turawa aka yi.

Don haka ina kira ga jami'o'inmu su binciki ƙarin da ake cirewa daga mutanenmu, asibitoci su kai kowane nama ɗakin gwaji, hukumomi su kai praziquantel, maganin tsargiya, makarantu. Mai shan taba ya daina, don kare mafitsararsa. Duk babban da ya ga jini a fitsarinsa, ko babu zafi, ya je a leƙa mafitsararsa tun da wuri.