Hoton Da Zai Tsaya Maka Shaida

 

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta hoto. Yanzu kusan kowace ruga akwai salula mai ɗaukar hoto, kuma da yawanmu sun ɗauka cewa sai an sayar da maraƙi an sayi mai tsada kafin a samu hoton kirki. Mu dai abin da muka gani daban ne. Sau da yawa a kan kawo hoton saniyar da aka sace, an ɗauke shi da babbar waya, amma ko mai ita sai ya yi rantsuwa kafin a yarda tasa ce.

Ku ji labarin wani ɗan'uwanmu Bafulatani na ƙasar Mali, Malik Sidibe. A ƙauyen Soloba aka haife shi, ya tashi yana kiwon dabbobin gidansu, kuma tun yana yaro ya rasa ido ɗaya. A 1956 ya sayi akwatin hotonsa na farko, ƙaramin Brownie, irin wanda masu koyo ke saye. Da ido ɗayan nan ya yi ta ɗaukar mutanen Bamako, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin zane-zane na birnin Benis a Italiya. Ya rasu a 2016. Wanda ya riga shi a sana'ar, Saidu Keita, a tsakar gida yake ɗaukar yawancin hotunansa da hasken rana, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum. Wanda ke da dannawa ɗaya tak, dole ya duba da kyau kafin ya danna.

To, duba kuwa ai aikinmu ne. Makiyayin da zai gane saniyarsa cikin ɗari tun daga nesa, ya riga ya san abin da ya raba ta da sauran: karkatar ƙaho, yankan kunne, tambarin wuta a cinya, wani ɗigon baƙi a wuya. Abin da ya rage shi ne ya sa waɗannan alamu su fito a hoton, domin jandarma ko alƙali bai taɓa kwana da garken ba.

Farko dai a kula da rana. A bar ta a bayanka, ta haska dabbar. In ka fuskance ta, inuwa kawai za ka samu. Da tsakar rana farar saniya kan fito fari fat, tambarin ya ɓace, ita kuma jar Bororo in tana ƙarƙashin itace sai ta koma baƙa. Hantsi da la'asar sun fi. A lokacin hunturu kuma a goge gilashin wayar da bakin riga, don ƙura kaɗan ta isa ta mayar da hoto kamar hazo.

Sai wurin tsayawa. A tsaya daidai haƙarƙarin dabbar, a ɗan rusuna, ƙafafu huɗu su fito. Wannan ya shafe ku ƙwarai, dillalai, masu aika hoto ta WhatsApp ga mai saye a Kano ko Legas. In ka tsaya kusa ta gaban sa, gilashin waya yakan ƙara girman kai ya rage na baya, sai Gudali mai ƙiba ya fito kamar ya sha rani. In kuma ka kwanta ƙasa don ya yi girma, ranar da motar ta sauke shi rigima ce. Kada a ja hoto da yatsa don ya matso, hakan na dusashe shi. A taka da ƙafa. Kowace dabba a ɗauke ta dama da hagu, sannan kai, sannan tambarin shi kaɗai.

Haka batun burtali. Hoton gero tsagwaronsa ba ya nuna komai, don gero ko'ina gero ne. A ja da baya har turken siminti na iyakar burtalin ya shigo tare da shukar, ko wata rijiya ko kuka da kowa ya sani. A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta kare hanyoyin dabbobi, amma kwamitin filaye sai ya gane wurin kafin ya yi aiki. In kuma shanunmu ne suka shiga gona, a ɗauki inda suka ci da inda ba su taɓa ba, gaban mai gonar, tun kafin a zauna kan kuɗin ɓarna.

Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba: waya na rubuta rana da sa'a a cikin hoton, amma in an tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, wannan bayanin yakan goge. Saboda haka kada a share na asali, kuma a ajiye shi a wayar wani ɗan'uwa ma, don ɓarawon shanu ba ya barin waya.

Muna roƙon kowace ruga, kafin a tashi mashekari bana, a ware safiya biyu a bi garke ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo da wayarsa ya tsaya bayan sallar la'asar, akwai shanu a bakin kasuwa, za mu gwada tare.