Asusun Taimakon Juna da Yara Masu Galahanga



Yau maganata a kan kuɗin taimakon juna ne, wanda muke sakawa a akwati baya ga zubin mako. Mun saba taɓa shi in an yi rashi ko haihuwa ko gobara. Ina roƙon mu ƙara abu ɗaya: kayan da ke taimaka wa yara masu lalurar galahanga a makaranta.

Jikana na wajen 'yata ta fari yana da wannan lalura. Ya kai shekara biyar bai furta kalma ba. In ƙishirwa ta kama shi, sai kuka da buga kai a bango. Aka ce iska ce, muka sha yawon magani har awaki biyu suka tafi. Sai daga baya likita ya ce mana galahanga ce: haka ƙwaƙwalwarsa ta taso, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, don haka da wuya a rasa irinsu a garinku.

Bari in faɗa muku kuskuren ƙungiyarmu. Don tausayi, muka kwashe asusun kaf, muka saya wa makarantarsu babbar waya mai manhajar da ke yi wa yaro magana. Ba mu tambayi malamarsu ba. Ashe Turanci manhajar ke yi, makarantar ba wuta, kullum sai an biya kuɗin caji. Kafin wata uku gilashin ya fashe. A watan ne wata 'yar ƙungiya ta yi rashin miji, muka buɗe akwati ba abin ba ta. Har yau ina jin kunyar ranar.

Abin da ya yi aiki kuwa mai araha ne: katunan hoto. A Amurka aka fara wannan hanya a 1985. Yaro ya miƙa kati mai hoton abin da yake so, nan take a ba shi, a kuma faɗi sunan abin. Malamar ta ɗauki hoton kofi da buta da kwanon abinci da bayan gida, aka wanke hotunan, aka rufe su da leda. Ranar da jikana ya miƙo mini katin kofi maimakon kuka, ni ce na yi kukan. Akwai kuma allon hotuna mai nuna wa yaro abin da za a yi bi da bi, da abin rufe kunne ga wanda hayaniya ke firgitawa.

To, ga shawarata. Na farko, a zauna da uwar yaro da malami kafin a sayi komai, don kowane yaro da irin bukatarsa. Na biyu, kada a ɗauki kuɗin daga na rance, tunda kayan nan ba sa kawo riba. A ware musu zubi na daban: mata 25, kowacce naira 100 a mako, naira 30,000 ke nan cikin mako 12. Na uku, a bar wani abu don gyara da sake katunan da suka lalace. Na huɗu, magatakarda ta rubuta kayan a littafi da sunan makaranta, shugaban makaranta ya sa hannu, don wani yaron ma ya amfana.

Kayan da suka fi ƙarfinmu, mu nema. A rubuta takarda zuwa kwamitin kula da makaranta da sashen ilimi na ƙaramar hukuma da masu hali na gari, a faɗi yawan yaran, da kayan da ake bukata, da farashinsu, da abin da mu muka riga muka tara. Wanda ya ga mun fara ya fi saurin sa hannu a aljihu. Kuma a Najeriya, tun 2019 akwai dokar da ta hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, har a wajen karatu.

Kowacce ta je ta yi tunani, ta kuma tambayi maƙwabta ko akwai yaron da aka ɓoye a ɗaki. Mako mai zuwa sai mu ɗaga hannu a kan zubin. Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa.